Stefan Banach: Masanin lissafin da ya mai da gidan gahawa cibiyar bincike

Stefan Banach, ɗan ƙasar Poland wanda ya rasu a shekarar 1945, yana cikin manyan masana lissafi na ƙarni na 20. Shi ne jigon wani rukunin masu bincike daga manyan makarantu daban-daban, waɗanda suka riƙa haɗuwa a wani gidan shan gahawa na birnin Lwow suna warware matsalolin lissafi tare, har zuwa lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya tarwatsa su.

An haife shi ne ranar 30 ga watan Maris na shekarar 1892 a birnin Krakow, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Austriya. A wancan zamani babu wata ƙasa mai suna Poland a taswirar duniya, domin Rasha da Jamus da Austriya sun raba ta a tsakaninsu.

Iyayensa ba su yi aure ba. Mahaifiyarsa, Katarzyna Banach, ta rabu da shi yana ɗan kwanaki da haihuwa, kuma sunanta ne ya ɗauka. Mahaifinsa, Stefan Greczek, ya damƙa shi a hannun wata mata mai gidan wanki da guga, Franciszka Plowa, wadda ta riƙe shi kamar ɗan cikinta.

Tun yana makarantar sakandare ya fara koyar da wasu yara domin ya sami abin kashewa. A lokacin ne kuma shi da abokinsa Witold Wilkosz suka yanke shawarar cewa magabata sun riga sun gama da ilmin lissafi, babu sauran wani sabon abu da za a gano a cikinsa.

Saboda haka a shekarar 1910 Banach ya tafi kwalejin kimiyya da fasaha ta Lwow domin koyon aikin injiniya. Ya ci jarrabawar rabin zango a 1914, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Ba a ɗauke shi soja ba, saboda shi bahago ne, ga kuma raunin gani. Ya koma Krakow, kuma bai sake komawa ya ƙarasa wancan karatu ba.

Haɗuwa a lambu

Wata rana da yamma a shekarar 1916, Hugo Steinhaus, wani matashin malami da ya yi digirin digirgir a Jami'ar Gottingen ta Jamus a hannun David Hilbert, yana yawon shan iska a lambun Planty da ya kewaye tsohon birnin Krakow, sai ya ji wasu samari biyu a kan benci suna ambaton wata sabuwar dabarar lissafi ta Bafaranshen nan Henri Lebesgue.

A lokacin, waɗanda suka fahimci wannan dabara ko a jami'o'in Turai ƙalilan ne. Steinhaus ya tsaya ya gabatar da kansa. Samarin su ne Banach da Otto Nikodym.

Steinhaus ya ba su labarin wata matsala da ta daɗe tana ba shi wahala. Bayan 'yan kwanaki Banach ya zo masa da amsa, kuma daga nan ne aka sami maƙalar farko da ke ɗauke da sunan Banach, wadda suka rubuta su biyu.

Steinhaus ya yi ayyuka da dama da ake ji da su, amma daga baya ya sha bayyana cewa gano Banach shi ne mafi girman abin da ya taɓa ganowa a fagen ilmi.

Mutanen uku, tare da Wilkosz, sun ci gaba da haɗuwa a kai a kai, kuma suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana lissafi a Krakow a shekarar 1919, wadda ba da jimawa ba ta zama ƙungiyar ƙasa baki ɗaya.

A shekarar 1920 Banach ya auri Lucja Braus, kuma da taimakon Steinhaus ya sami aikin mataimakin Farfesa Antoni Lomnicki a kwalejin Lwow. A wannan shekarar ce ya miƙa kundin digirinsa na digirgir ga jami'ar birnin, duk da cewa ba shi da digirin farko.

An daɗe ana ba da labarin cewa dabara aka yi masa, aka shigar da shi ɗakin jarrabawa ba tare da ya sani ba. To amma masu binciken da suka duba takardun jami'ar daga baya sun gano cewa ya zauna jarrabawoyinsa ne bisa ƙa'ida.

Shawarar Janiszewski

Banach ya shigo fagen ne a kan gaɓa. Poland ta sami 'yancin kai a 1918, bayan shekara 123 a hannun maƙwabtanta, kuma masananta na warwatse, kowa da irin horon da ya samo a Jamus ko Faransa ko Rasha.

A wannan shekarar wani matashin farfesa a Warsaw, Zygmunt Janiszewski, ya wallafa wata maƙala inda ya ce ƙasa matalauciya ba za ta iya gogayya da manya a kowane reshe na lissafi ba. Shawararsa ita ce a zaɓi rassa kaɗan waɗanda ba a daɗe da fara su ba, a tara ƙarfi a kansu, sannan a kafa mujallar da ba ta buga komai sai su, a cikin harsunan da duniya ke karantawa.

Mujallar, mai suna Fundamenta Mathematicae, ta fito a 1920. Janiszewski bai ga fitowarta ba, domin annobar mura ta kashe shi a farkon shekarar yana da shekara 31. A cikinta ne aka buga kundin Banach a 1922.

Sannu a hankali aka sami rabon aiki. Warsaw, ƙarƙashin Waclaw Sierpinski da Stefan Mazurkiewicz, ta rungumi rassan da Janiszewski ya zaɓa. Lwow kuma ta bi Banach da Steinhaus, waɗanda suka kafa tasu mujallar, Studia Mathematica, a 1929.

Biranen biyu sun riƙa musayar malamai da ɗalibai. Kazimierz Kuratowski, wanda ya taso a Warsaw, ya je Lwow ya koyar daga 1927 na tsawon shekaru, kuma a ajinsa ne Stanislaw Ulam ya fara yin fice. Malaman Warsaw da na Lwow ne kuma suka haɗu suka kafa wani jerin littattafan lissafi, wanda littafin Banach ya zama na farko a cikinsa.

Me ya gano?

Kowa ya san yadda ake auna tazara tsakanin wurare biyu. Masana lissafi na farkon ƙarni na 20 sun lura cewa ana iya auna tazara tsakanin wasu abubuwan da ba wurare ba ne.

Alal misali, idan aka zana layin da ke nuna hawa da saukar zafin rana a yini guda, aka kuma zana na wasu ranakun, ana iya cewa layin Litinin ya fi kusa da na Talata a kan na Laraba, har a faɗi da nawa. Ke nan kowane layi ya zama tamkar ɗigo guda a cikin wani makeken sarari.

Hilbert da Maurice Frechet da Frigyes Riesz sun yi nazarin irin waɗannan sarari, amma galibi ɗaya bayan ɗaya. Banach ya zo ya tsara 'yan sharuɗɗa kaɗan, ya nuna cewa duk wani tarin abubuwa da ya cika su, ƙa'idar da aka tabbatar sau ɗaya za ta yi aiki a kansa, ba sai an sake kafa hujja ba.

Ba'amurken nan Norbert Wiener ya kai ga kusan irin waɗannan sharuɗɗa a daidai lokacin, amma sai ya juya ga wasu fannonin. Banach da abokansa ne suka tsaya suka yi ginin. Shi ya sa yau ake kiran abin da sunan sararin Banach, kodayake shi kansa harafin B kawai ya laƙaba masa a littafinsa.

A cikin kundin nasa akwai wata ƙa'ida da ake iya fahimta ko ba a yi nisa a lissafi ba. Idan mutum ya shimfiɗa taswirar gari a ƙasa a cikin garin, to akwai ɗigo ɗaya tak a kan taswirar wanda ya zauna daidai a kan wurin da yake wakilta. Da wannan ƙa'ida ake tabbatar da cewa wasu matsaloli suna da amsa guda ɗaya, kuma ana iya kusantarta mataki-mataki, kamar yadda kwamfuta ke yi.

Wani sakamakon kuma, wanda ya fitar a 1924 tare da Alfred Tarski na Warsaw, har yau yana ɗaure wa mutane kai. Sun nuna cewa a lissafce ana iya rarraba ƙwallo guda zuwa 'yan kashi kaɗan, a sake harhaɗa su a sami ƙwallo biyu, kowacce girmanta daidai da ta farko. Sai dai kashin ba irin wanda wuƙa ke iya yankawa ba ne. Tarin ɗigo ne a warwatse wanda ba a iya auna girmansa.

Ya zama cikakken farfesa a 1927, kuma littafinsa da ya fito da Faransanci a 1932, wanda ya sadaukar ga matarsa, shi ne ya tattara wannan sabon reshe wuri guda.

Wanda ya duba ƙa'idojin da ke ɗauke da sunan Banach zai ga cewa da yawansu suna da suna na biyu a gefe: Steinhaus, ko Tarski, ko Mazur, ko Saks, ko Kuratowski.

Teburin marmara

Banach ba ya son ofis. Hayaniya da kiɗa ba sa hana shi tunani, hasali ma a cikinsu ya fi sakewa.

Reshen ƙungiyar masana lissafi na Lwow yakan yi taro a jami'a ranar Asabar da yamma, kuma idan an tashi sai a zarce gidan gahawa. Da farko wani gida mai suna Roma suke zuwa, daga baya suka koma na kusa da shi mai suna Szkocka, wato na Scotland.

Daga baya zaman ya koma na kusan kullum. Banach da Stanislaw Mazur da Ulam ne 'yan gida, sauran kuma suna zuwa suna tafiya, wasu daga jami'a, wasu daga kwalejin fasaha, wasu baƙi daga Warsaw. Steinhaus kuwa ya fi son wani kantin kayan zaƙi mai natsuwa da ke kusa.

Teburan gidan na dutsen marmara ne, don haka sukan yi rubutu a kansu da fensir. Wani ya jefo tambaya, a yi shiru na dogon lokaci ana kurɓar gahawa, sannan wani ya rubuta layi biyu, gardama ta kaure. Ulam ya ba da labarin wani zama da suka shafe sa'o'i 17 suna yi, abinci kawai ke tsayar da su.

Shi dai Banach mutum ne mai yawan shan taba da gahawa, yana kuma shan barasa, ga shi da sakin hannu. Bashi ya taɓa yi masa katutu har ya koma rubuta littattafan lissafi na makarantun sakandare domin ya biya, aikin da ya cinye masa lokaci mai yawa.

Matsalar teburan ita ce da dare ma'aikata kan goge su tas. Ta haka hujjoji da dama suka salwanta, domin washegari babu mai iya tuna yadda aka bi aka kai gare su.

A shekarar 1935 aka sayo wani babban littafin rubutu mai kauri, wanda akasarin masu ba da labarin suka ce matar Banach ce ta sayo shi. Aka ajiye shi a hannun ma'aikatan gidan, duk wanda ya buƙata sai a kawo masa tebur. Banach ne ya rubuta matsala ta farko a ciki ranar 17 ga watan Yuli.

Tsarin mai sauƙi ne. Mutum zai rubuta matsalar da ta gagare shi, ya sa sunansa da kwanan wata, a bar fili domin amsa. Wani lokaci yakan yi alƙawarin tukuici ga wanda ya warware ta: kofin gahawa, ko kwalbar giya, ko cin abincin dare. Ranar 6 ga watan Nuwamba na 1936 Mazur ya rubuta matsala ta 153, ya kuma yi alƙawarin dinya mai rai.

Babban amfanin littafin shi ne ya sa manyan farfesoshi suna bayyana abin da ya fi ƙarfinsu a gaban ɗalibai, a rubuce, da sa hannunsu. A jami'o'in Turai na wancan zamani, inda farfesa yake kamar sarki a sashensa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Baƙi daga ƙasashen waje su ma sun sa hannu, ciki har da Frechet daga Faransa da John von Neumann daga Amurka. A 1936 aka gayyaci Banach ya gabatar da ɗaya daga cikin manyan laccoci a taron masana lissafi na duniya a Oslo, sannan a watan Afrilun 1939 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar masana lissafi ta Poland.

Yaƙi

A bazarar 1939, da alamun yaƙi suka bayyana, Mazur ya shaida wa Ulam cewa idan abin ya zo zai sa littafin a akwati ya binne shi kusa da ragar wani filin ƙwallo. Ulam ya tashi zuwa Amurka a watan Agusta, haka shi ma Tarski.

A watan Satumba Jamus ta afka wa Poland daga yamma, Tarayyar Soviet kuma daga gabas, kuma Lwow ta faɗa hannun Soviet. An sauya wa jami'ar suna, an kwashi dubban mutanen yankin zuwa can cikin Tarayyar Soviet, amma an kyale Banach, wanda masanan Moscow ke girmamawa, har aka naɗa shi shugaban tsangayar lissafi da kimiyya.

A wannan tsakanin masanan Soviet irin su Sergei Sobolev da Pavel Alexandrov sun ziyarci birnin sun kuma yi rubutu a littafin. Steinhaus ne ya rubuta matsala ta ƙarshe, ta 193, ranar 31 ga watan Mayun 1941.

Bayan mako uku Jamus ta kai wa Tarayyar Soviet hari, kuma sojojinta sun shiga Lwow ranar 30 ga watan Yuni. A daren 3 ga watan Yuli jami'an Nazi suka bi gida-gida da jerin sunaye suna kama farfesoshi, da asuba aka harbe su a wani tudu da ke gefen birnin.

Malamai fiye da 20 aka kashe a wannan watan, wasu tare da iyalansu. A cikinsu akwai Lomnicki, wanda ya fara bai wa Banach aiki, da Wlodzimierz Stozek tare da 'ya'yansa maza biyu, da Stanislaw Ruziewicz.

Waɗanda suke Yahudawa a cikin rukunin sun fi kowa shiga uku. Herman Auerbach ya mutu a hannun 'yan Nazi a 1942, an kashe Stanislaw Saks a Warsaw a wannan shekarar, sannan Juliusz Schauder a 1943. Steinhaus ya tsira ne ta hanyar ɓuya a ƙauye da sunan wani mamaci.

Ciyar da ƙwarƙwata

Jamusawa sun rufe jami'o'in birnin. Abin da ya ceci Banach shi ne cibiyar Farfesa Rudolf Weigl, wanda ya ƙirƙiro allurar rigakafin zazzaɓin taifus, cutar da ƙwarƙwata ke yaɗawa, wadda kuma sojojin Jamus ke matuƙar tsoro.

Daga cikin hanjin ƙwarƙwata ake haɗa rigakafin, ita kuwa ba ta rayuwa sai da jinin ɗan Adam. Don haka cibiyar ta ɗauki mutane aikin ciyar da ita. Akan ɗaura wa mutum wasu ƙananan akwatuna a cinya ko a ƙwauri, kowanne ɗauke da ɗaruruwan ƙwarƙwata, suna tsotsar jininsa ta cikin raga na tsawon fiye da rabin sa'a a kullum.

Ladan aikin shi ne ƙarin abinci, da kuma takardar shaida wadda ke sa jami'an tsaro su ƙyale mutum. Weigl ya yi amfani da wannan dama ya ɗauki malamai da marubuta da yawa.

Banach ya yi wannan aiki tare da ɗansa, wanda shi ma sunansa Stefan, daga 1941 zuwa 1944. Masana lissafi irin su Wladyslaw Orlicz da Bronislaw Knaster su ma suna wurin. Wani matashi da ke kula da rukuninsu ya ba da labarin cewa yakan sa ido a kan agogo, domin idan gardamar lissafi ta yi zafi sukan manta da akwatunan har ƙwarƙwatar ta sha jini fiye da kima.

Sojojin Soviet sun sake karɓe birnin a watan Yulin 1944. Banach ya koma jami'a a rame, kuma da ta bayyana cewa Lwow ba za ta koma cikin Poland ba, sai ya amince da kujerar farfesa da aka yi masa tayi a Jami'ar Jagiellonian ta Krakow.

Bai kai ga tafiya ba. Sankarar huhu ta kama shi, ya rasu ranar 31 ga watan Agustan 1945 yana da shekara 53. An binne shi a maƙabartar Lychakiv ta birnin, wanda yanzu ake kira Lviv a ƙasar Ukraine.

Makomar littafin

Waɗanda suka rage sun watsu a jami'o'in sabuwar Poland. Steinhaus ya tafi Wroclaw, Orlicz ya tafi Poznan, Mazur kuma daga bisani ya zauna a Warsaw. Kowannensu ya tara ɗalibai, kuma a Wroclaw an buɗe sabon littafin matsaloli, an kuma farfaɗo da mujallar Studia Mathematica.

Tsohon littafin ma ya tsira, yana hannun iyalan Banach. A 1956 Steinhaus ya aika wa Ulam kwafinsa a Los Alamos, inda Ulam ya yi aiki a shirin makaman nukiliya na Amurka. Ulam ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka rarraba shi a taron masana lissafi na duniya da aka yi a Edinburgh a 1958. A 1981 aka buga shi tare da sharhin inda aka kwana a kan kowace matsala, kuma akwai waɗanda har yanzu ba a warware ba.

A 1972 aka kafa wata cibiyar bincike ta ƙasa da ƙasa a Warsaw mai ɗauke da sunan Banach, inda masana daga jami'o'i daban-daban ke zuwa su zauna su yi aiki tare. A 2016 kuma aka kafa mutum-mutuminsa da na Nikodym zaune a kan benci a lambun Planty.

Ita kuwa matsala ta 153, wani matashi ɗan ƙasar Sweden mai suna Per Enflo ne ya warware ta a 1972, shekara 36 bayan rubuta ta. Steinhaus ya rasu a farkon wannan shekarar. Mazur, wanda a lokacin yake da shekara 67, ya gayyaci Enflo zuwa Warsaw, ya miƙa masa dinya mai rai a gaban masu ɗaukar hoton talabijin.